Zinaren Da Ke Cikin Matacciyar Waya: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Shaƙar Hayaƙi?

Daga wakilinmu a Tamanrasset

Duk wanda ya saba bin kasuwannin kan iyaka, tun daga Jibiya da Maigatari da Illela, ya bi ta Maraɗi da Agadas da Arlit har ya iso nan Tamanrasset, ya san da wuya ka leƙa ƙarƙashin teburin mai gyaran waya ba ka ga kwali cike da matattun wayoyi ba. A shekarun baya wannan tarkace ba shi da wani amfani in ban da a ciri lasifika ko gilashi a gyara wata, sauran kuma yara su yi wasa da shi har ya ƙare a bola. Yanzu kuwa labari ya sha bamban, domin a manyan birane irin su Kano da Legas da Akara ana sayen injin matacciyar waya da na kwamfuta a kan sikeli, kamar yadda 'yan gwangwan ke sayen jan ƙarfe da alminiyam, kuma kowa ya ji cewa zinaren da ke ciki ake bi.

Abin da ya ƙara wa zancen armashi shi ne tashin farashin zinare. A watan Maris na 2025 oza ɗaya, wato giram 31 da 'yan kai, ta haura dalar Amurka 3,000 a karon farko a tarihi, a watan Oktoban shekarar kuma ta wuce dala 4,000. A gari irin Tamanrasset ba sai an yi wa kowa bayanin zazzaɓin zinare ba. Ga mahaƙar Amesmessa da ta Tirek ta kamfanin gwamnati ENOR a kudu maso yamma, ga Tchibarakaten da Djado a ɓangaren Nijar waɗanda suka ja dubban matasa tun daga 2014, ga kuma sanarwar sojoji da ba ta yankewa kan kama masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗan kasuwa ya tambayi kansa: tun da akwai zinare a kwalin nan, me zai hana in tara in fitar da abina, ko in ɗora buhun a mota in kai inda ya fi daraja? To, kafin mutum ya zuba jarinsa, ya kamata ya san yawan zinaren, da wanda ke iya fitar da shi, da kuma abin da doka ta ce game da ƙetare iyaka da shi.

Zinaren yana nan, amma ɗan kaɗan ne

Maganar akwai zinare a cikin waya gaskiya ce, ba tatsuniya ba. Masu ƙera kayan lantarki suna amfani da shi ne saboda ba ya tsatsa, kuma wuta tana bi ta cikinsa ba tare da cikas ba. Wannan launin ruwan ɗorawa da ake gani a jikin sim, da bakin ƙananan alluna na cikin kwamfuta, da 'yan ƙafafuwan da ke haɗa wani sashe da wani, duk shafen zinare ne. Sai dai shafe ne kawai, wanda kaurinsa bai kai ko kusa da na silin gashi ba.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a cikin wayoyin hannu miliyan ɗaya ana iya samun kimanin kilo 34 na zinare, kilo 350 na azurfa, kilo 15 na wani ƙarfe mai tsada da ake kira faladiyam, da kuma tan 16 na jan ƙarfe. Idan mai karatu ya buga lissafi zai ga sai an haɗa wayoyi kusan 30 kafin a samu giram ɗaya tak. A farashin dala 4,000 kan kowace oza, zinaren waya ɗaya bai kai na dala biyar ba, shi ma in an iya fitar da shi duka ba tare da asarar komai ba. Bugu da ƙari, kamfanoni sun daɗe suna rage zinaren da suke sawa, shi ya sa tsohuwar kwamfuta ta shekarun 1990 ta fi sabuwa daraja a wajen masu wannan ciniki.

Duk da haka, idan aka tara da yawa abin ya zama dukiya. A manyan mahaƙu na duniya akan fasa tan guda na dutse a samu giram kaɗan, sau da yawa ƙasa da biyar, alhali tan guda na matattun wayoyi yana iya ɗauke da giram ɗari biyu zuwa ɗari uku. Ƙasar Japan ta nuna wa duniya haka lokacin gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, inda dukkan lambobin yabo kusan 5,000 aka ƙera su da ƙarfen da aka fitar daga tsofaffin kayan lantarki. Amma sai da suka tara tarkace kusan tan 79,000, da kuma wayoyi sama da miliyan 6, kafin suka samu kilo 32 na zinare. Wato dai wannan sana'a ce ta masu tarawa da jirgin ruwa, ba ta mai kwali ɗaya ba.

Inda tarkacen ke fitowa da inda ya nufa

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, ITU da UNITAR, suka fitar a 2024 ya nuna cewa a 2022 kaɗai duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. A Afirka kuwa adadin bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Rahoton ya ce ƙarafan da ke cikin wannan shara sun kai darajar dala biliyan 91, wanda daga ciki zinare ya ɗauki biliyan 15, jan ƙarfe biliyan 19. Haka kuma tan miliyan 5.1 ya ƙetare iyakokin ƙasashe a wannan shekara, kuma kusan tan miliyan 3.3 daga ciki ya fito ne daga ƙasashe masu arziki zuwa masu ƙaramin ƙarfi ba tare da wata cikakkiyar kulawa ba.

Kasonmu yakan shigo ne da sunan gwanjo ko tokumbo. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2018, ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da tsofaffin kayan lantarki kimanin tan 60,000 a shekara, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin su sauka. Fiye da kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Tarayyar Turai suka taso, akasarinsu kuma a cushe cikin motocin gwanjo. Daga kasuwar Alaba da ta Computer Village a Ikeja kaya ke hawowa Kano, daga Kano kuma su bi tsohuwar hanyar fatake zuwa Katsina da Maraɗi da Damagaram da Agadas.

Idan kayan sun gama mutuwa sai su sake juyawa. Mai bola jari ya tsinto ko ya saya a gida-gida, ya kai wa dila a wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano, dila ya ware ƙarfe daban, jan ƙarfe daban, injina daban. Ƙarfe yakan tsaya a masana'antun rodi na cikin gida, amma injinan waya da na kwamfuta sai su gangara Legas, a cika kwantena, a nufi Turai ko Asiya da su. A da ƙasar Sin ce babbar mai saye, kuma garin Guiyu da ke lardin Guangdong ya yi suna a duniya wajen wannan aiki da kuma gubar da ya bari a jinin yara. Daga baya Sin ta rufe ƙofa, ta haramta shigo da kowace irin shara tun daga 1 ga Janairun 2021, cinikin ya karkata zuwa ƙasashe irin su Maleshiya da Tailan, su ma suna ta kama kwantenoni suna mayarwa.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Masana'antun da ke iya fitar da ƙarafan nan yadda ya kamata ba su da yawa a duniya. Akwai ta Umicore a Hoboken kusa da Antwerp a Beljiyam, da ta Boliden a arewacin Suwidin, da ta Aurubis a Jamus, da wasu a Japan. A watan Agustan 2024 hukumar buga sulallan Birtaniya ita ma ta buɗe tata a yankin Wales, wadda aka gina don sarrafa tan 4,000 na injinan lantarki a shekara. A galibin irin waɗannan wurare niƙa kayan ake yi, a ɗebi samfur a auna abin da ke ciki kafin a biya mai kaya, sannan a narka su tare da jan ƙarfe a zafin da ya haura digiri 1,000. Jan ƙarfen sai ya janye zinare da azurfa zuwa jikinsa, daga baya a raba su da wutar lantarki da magunguna, hayaƙin kuma a tace shi kafin ya fita. Ta haka suna kama sama da kashi 95 cikin 100 na zinaren.

Mai aikin bayan gida kuwa, wanda ke jiƙa injina a cikin asid ko ya kama zinaren da zaiba, ba ya kusantar haka. Binciken da masana daga Suwizalan suka yi a kan masu wannan aiki a birnin Bangalore na Indiya ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai suke samu, sauran ya bi ruwan datti, azurfa da faladiyam kuma galibi sun salwanta. Idan muka ɗauki wannan ma'auni, mai wayoyi 1,000 da ke ɗauke da giram 34 zai tashi da giram takwas ko tara ne, bayan ya sayi wayoyin, ya sayi asid, ya kuma lalata kayan da dila zai iya saye da kuɗi a hannu. Babbar riba tana can inda tukunyar narkawa take. Abin da ke saura a unguwa shi ne hayaƙi da toka.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe

Kayan lantarki ba zinare kaɗai suka ƙunsa ba. Akwai dalma a jikin tsofaffin injina, wadda da ita aka liƙe sassansu, kuma gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana iya ɗauke da fiye da kilo ɗaya na dalma. Akwai zaiba a fitilun wasu allunan kwamfuta da na talabijin. Robar da ta lulluɓe wayar wuta idan aka ƙona ta don a ciro jan ƙarfe tana fitar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da gubar da ke jawo cutar daji. Asid ɗin da ke narka zinare kuma tururinsa yana cin huhu da idanu. Batirin waya idan ya huje ko ya sha matsi a cikin buhu yana iya kamawa da wuta shi kaɗai, balle a zafin hanyar In Guezzam.

Mu Hausawa ba a nesa muka ga illar kai aikin ƙarfe cikin gida ba. Idan ba a manta ba, a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma, bayan da aka riƙa niƙa dutsen zinare a tsakar gida, inda mata ke girki yara ke rarrafe. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar kuma yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008, saboda fasa tsofaffin batiran mota da iyayensu ke yi don sayar da dalmar. Babu ɗaya daga cikin iyayen nan da ya san ƙurar da ke jikin rigarsa ita ce ajalin ɗansa. Yaron da gubar dalma ba ta kashe ba kuma takan bar shi da rauni a ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa yara da matasa sama da miliyan 18 ne ke aiki a ƙananan sana'o'in da sarrafa shara ke cikinsu, da mata kusan miliyan 13.

A Akara, filin Agbogbloshie, inda akasarin masu ƙona wayoyin wuta matasa ne 'yan ci-rani daga arewacin Gana, ya zama abin misali a duniya har hukuma ta rushe shi a watan Yulin 2021. Rushewar ba ta kashe sana'ar ba, sai dai ta watsa ta zuwa lunguna. Nan Tamanrasset kuma akwai ƙarin dalilin yin hattara, wato ruwa. Tun 2011 ruwan famfon garin daga In Salah ake turo shi, tafiyar kusan kilomita 750. Garin da ke jawo ruwan shansa daga irin wannan nisa bai kamata a wayi gari ana tuttula ruwan asid a cikin kwarin da rijiyoyi da garake suka dogara da shi ba.

Abin da doka ta ce

Dokokin da suka shafi wannan ciniki suna da tushe a Najeriya. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. Gwamnatin soja ta lokacin ta tilasta aka kwashe su, ta kuma kafa doka mai lamba 42 ta 1988 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba. Irin wannan abin kunya ne ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka kuma suka yi tasu ta Bamako a 1991. Aljeriya da Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar Basel.

Wani hanzari ba gudu ba, akwai sauyin da 'yan kasuwa da yawa ba su ji labarinsa ba. A 2022, bisa shawarar Gana da Suwizalan, aka yi wa yarjejeniyar gyara, kuma gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025. A da sharar lantarki mai haɗari ce kawai ke bukatar izini. Yanzu kowace irin sharar lantarki ce, sai hukumar ƙasar da za ta fita ta sanar a rubuce, ƙasar da za a kai wa da ƙasashen da za a ratsa kuma sun amince a rubuce, kafin kaya su motsa. Ke nan buhun matattun injina da aka cusa a ƙarƙashin lodin dabino daga Tamanrasset zuwa Kano ya ƙetare iyaka biyu, ta Assamaka da ta Najeriya, a matsayin haramtaccen kaya.

Dokokin cikin gida ma ba su bar ƙofa ba. Dokar Aljeriya mai lamba 01-19 ta Disambar 2001 ta haramta shigo da shara mai haɗari, fitar da ita ko ratsawa da ita kuma sai da izinin ma'aikatar muhalli. Tsarin cinikin musaya tsakanin jihohin kudancin Aljeriya da Nijar da Mali, wanda aka sabunta a Yulin 2020, yana da jerin kayan da aka amince da su, irin su dabino da gishiri da barguna daga wannan ɓangare, dabbobi da lalle da kayan yaji daga wancan. Tarkacen lantarki ba ya cikin jerin. A Najeriya tsofaffin ƙarafa suna cikin kayan da hukumar kwastan ta hana fitarwa, shigo da tsofaffin kayan lantarki kuma sai wanda ya yi rajista da hukumar NESREA, kuma sai kayan suna aiki. Haka nan hukumomi sun sa wa sana'ar gwangwan ido saboda satar wayoyin wuta da kayan gwamnati, har Jihar Borno ta haramta ta a 2023 bisa dalilan tsaro. Ga baƙo mai zaman kasuwanci a ƙasar wasu, kama shi da irin wannan kaya ba asarar buhu kaɗai ba ce, yana iya zama asarar rumfa da zaman ma baki ɗaya.

Inda ribar ɗan kasuwa take

Wannan ba ya nufin a zubar da kwalin a bola. Riba ta farko tana wajen gyara. Wayar da aka tayar ta yi aiki, ko gilashi da lasifika da wurin caji da aka cira aka sa wa wata, sun fi 'yan dalolin zinaren da ke cikinta daraja nesa ba kusa ba. Sai abin da ya gagari mai gyara ne ya kamata ya hau sikeli.

Riba ta biyu tana wajen warewa. Injin waya, da ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ƙananan allunan nan masu bakin zinare, su ne masu tsada. Injin talabijin da na rediyo da na caja, masu launin ƙasa-ƙasa, ba su da wani abin kirki. Wanda ya haɗa su a buhu ɗaya, dila zai saya masa duka a farashin na banza. Kada a ƙona, kada a jiƙa, kada a ɓamɓare sassan da ke jikin injin, domin da zarar an taɓa shi darajarsa ta faɗi. A cire batir a ajiye daban a inuwa, nesa da fetur da kayan abinci. Batirin mota da na sola kuma a sayar da shi a rufe yadda yake, kada a fasa. Duk wannan aiki a yi shi a kasuwa, ba a gida ba, kada a sa yara, kuma a sauya tufafi a wanke hannu kafin a koma cikin iyali.

Na uku, a san daga hannun wa aka saya. Wayar sata ko ta mutu ta sata ce, haka injin da aka ciro daga turken sadarwa. Mai sayen gwanjo da yawa kuma ya dage a kunna masa kaya kafin ya biya, domin kwantenar da kashi ɗaya cikin huɗu nata matacce ne, wani zai ɗauki asarar, kuma yawanci na ƙarshen layi ne, wato mai rumfa a bakin iyaka.

Daga ƙarshe, a sayar a cikin ƙasar da kayan suke, ga wanda ke da takardar izini. A Aljeriya akwai hukumar kula da shara ta ƙasa, AND, da kamfanonin da ma'aikatar muhalli ta ba lasisin tattara irin wannan kaya. A Najeriya akwai kamfanoni masu rajista irin su Hinckley da E-Terra a Legas, da ƙungiyar EPRON da masu ƙera kaya da masu shigo da su suka kafa a 2018. Mai kwali ɗaya ba zai iya zama da su a yi ciniki ba, amma ƙungiyar masu gyaran waya ta kasuwa guda, idan ta tara tan ɗaya ko biyu a wararre, tana da bakin magana a kan farashi. A nan ne sarakunan kasuwa da shugabannin al'ummar Hausawa na Tamanrasset da Arlit da Agadas da Maraɗi suke da rawar takawa: su ware wurin ajiya, su hana ƙone-ƙone a bayan rumfuna, su nemo mai saye na halal.

Kakanninmu sun ratsa wannan sahara da fatu da turkuɗi da goro, sun kuma san ba kowane kaya ake ɗora wa raƙumi ba, komai tsadarsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana lafiyar 'ya'yanmu.